Lilon da Na Kafa a Kan Turaku

Laifin nawa ne. Na fara da wannan don kada mai karatu ya wahala wajen neman wanda zai ɗora wa. Ni na kafa lilon nan ba yadda aka ce in kafa shi ba. Ni na ari sunan mutumin da ya hana ni, na tallata kayana da shi. Da abin ya lalace kuma na yi shiru, na bar sunansa ya ɓaci a garin da yake zaune da iyalinsa, alhali takardar da za ta wanke shi tana cikin akwatin kayan aikina.

Walda nake yi a Batsari. Karatuna bai wuce firamare ba, amma na fi shekara ashirin ina haɗa ƙofofi da tagogi da amalanke da garmar shanu, kuma ba a taɓa dawo mini da aiki don ya karye ba. Wannan ne ya sa kaina ya yi girma.

Wani direban motar haya da ke yawan zama a shagona shi ya nuna mini abin a wayarsa. Wani ƙaton lilo ne a ƙasar waje, kamar an ɗauki ƙafar keke an tsayar da ita, ta fi kowane bene tsawo, da ɗakunan gilashi rataye a jikinta. Tana juyawa a hankali, mutane suna ciki suna kallon gari gaba ɗaya. Sau uku na sa ya maimaita mini. Na ce a raina ƙarfe ne dai, kuma ƙarfe sana'ata ce. Zan yi ƙarami, mai kujeru takwas, kowace ta ɗauki mutum biyu, tsayinsa ya kusa na falwaya, majiya ƙarfi biyu su riƙa juya shi da hannu. Ga mutane na ce don yara zan yi, tunda garin ya cika da waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka, in Sallah ta zo ba su da wurin zuwa. Akwai gaskiya a ciki. Amma abin da ya fi ƙarfi a zuciyata shi ne a ce wane ne ya yi.

Na san ba zan iya lissafinsa ni kaɗai ba, don haka na tafi Safana wurin wani malamin sakandare da na taɓa yi wa ƙofar gida. Ba ɗan nan ba ne, aiki ne ya kawo shi. Ya karanci aikin gini, kowa Injiniya yake ce masa, kuma kwamitin masallacin unguwarsu shi suka damƙa wa duba ginin Islamiyyar da suke yi. Na girme shi da kusan shekara goma. Oga yake ce mini.

Na zaci zai yi dariya. Bai yi ba. Asabar uku a jere yana hawa babur ɗinsa yana zuwa shagona, bai taɓa karɓar ko kuɗin mai ba. Shi ya fahimtar da ni cewa sandunan da ke fitowa daga tsakiyar lilon ba tokare da'irar kaɗai suke yi ba, jan ta suke yi, kamar wayoyin ƙafar keke, kuma dole kowace ta ja daidai da 'yar'uwarta. Ya ce ƙarfen tsakiya da komai ke juyawa a kansa kada in yi masa jone, in nemo na babbar mota guda sukutum. Ya ce wajen ɗaukar mutane kada in cika kujeru a jere: in an ɗora a wannan, a juya a ɗora a wadda ke fuskantarta, haka ma wajen saukewa. Ya ce kafin mutum ya hau a ɗora buhunan yashi a juya wuni guda. Duk na bi. Har yau ban ga abin da ya faɗa a kan ƙarfe da bai zama gaskiya ba.

A Asabar ta uku muka zo kan ƙafafu. Lilon ƙafa huɗu gare shi, biyu gabas biyu yamma. Ya ce kowace ƙafa a haƙa mata rami har ƙugu, a zuba kankare, a bar shi ya yi kwanaki ya bushe, sannan a ɗaure ƙafar a jikinsa. Na ce masa wannan ai ginin bene ne, ba lilo ba. Sai ya ɗauki wani guntun rodi ya danna a ƙasar ƙofar shagona, bai shiga ba. Ya ɗauki butar alwalata ya juye ruwan a wurin, ya jira kaɗan, ya sake dannawa da hannu ɗaya. Rodin ya nutse.

"Oga, ƙarfenka ba ya ba ni tsoro," in ji shi. "Ƙasa ce ke ba ni tsoro. Ita ba ta san kai gwani ba ne."

Na ce masa ya ƙarar mini da ruwan alwala a banza. Muka yi dariya. Kafin ya tafi ya ɗauki jan biro ya rubuta a ƙasan zanen, da Hausa, da manyan baƙaƙe don kada in ce ban gane ba: kada a ɗora mutum sai an zuba kankare a ƙafafu huɗu. Ya sa hannu.

Ga inda na kauce. Kankare yana nufin lilon ya zauna wuri ɗaya. Ni kuwa so nake in kwance shi in loda a mota, yau Batsari, gobe Safana, jibi wani gari. Kuma mu a nan mun san yadda ake riƙe abu mai ƙarfi a ƙasa: turke. Da turke muke ɗaure bijimin da ya fi mutum biyar ƙarfi. Da shi nake kafa rumfar kasuwa da injin niƙa. Na yanka rodi mai kauri, tsawon hannu, biyu ga kowace ƙafa, na ce wannan ya isa. Na ce a raina Injiniya ɗan takarda ne, bai taɓa riƙe igiyar sa ba.

Ƙaramar Sallah ta zo a tsakiyar bazara. Ƙasar filin da na kafa lilon a Batsari ta bushe kamar dutse, sai da muka yi rabin wuni muna dukan turakun, guduma tana dawowa tana girgiza mana hannu. Kwana uku lilon yana juyawa, ko motsi bai yi ba. Har dattawa suka zo kallo. Injiniya ya tafi garinsu Sallah, amma ya kira ni ya tambaya ko an zuba kankaren. Na ce masa an yi duk abin da ya kamata. Ya ce alhamdu lillahi.

Babbar Sallah ta zo damina ta kankama, gero ya fara tsirowa. Ban gaya masa zan kawo lilon Safana ba, don na san abin da zai fara dubawa. Ranar Sallah kowa yana fama da layya. Washegari da sassafe muka sauke ƙarafan a wani fili kusa da tasha muka haɗa. An yi ruwa kwana biyu kafin nan. Sama-sama ƙasar ta bushe, amma da na ɗora turke na farko, duka huɗu na yi masa ya shige har kai. Na tsaya da gudumar a hannu. Butar nan ta faɗo mini a rai, ba zan yi ƙarya ba. Sai na ce wa mutanen da na ɗauko don juyawa yau aiki ya zo da sauƙi, na ci gaba.

Mutanen Safana ba su yi saurin hawa ba. Suka kewaye lilon suna ɗaga kai. Wani tsoho ya kama ƙafa ɗaya ya girgiza, ya tambaya wa ya duba wannan abu kafin a ɗora 'ya'yan mutane. Na riga na ji cewa Injiniya ya fita tun safe zuwa Tsaskiya yi wa wani abokin aikinsa ta'aziyya. Na ɗauki lasifikar da nake kiran jama'a da ita na ce Injiniyanku na makaranta shi ya zana, shi ya duba, shi ya sa hannu. Na faɗa ya fi sau goma a wunin nan. Daga nan layi ya miƙe.

Bayan azahar wata yarinya 'yar kimanin shekara goma sha biyu ta zo da ƙawayenta, cikin atamfar Sallah iri ɗaya, hannuwa da lalle. Na gane ta, na taɓa ganinta a gidan Injiniya lokacin da na sa masa ƙofa. Ta gaishe ni ta ce, "Baba, wai lilon Abbanmu ne?" Na ce nasa ne. Ta ce mamarta ta ce tunda nasa ne za ta iya hawa. Na ce su jira layi ya ragu, zan ɗora su kyauta.

La'asar ta yi kafin layinsu ya zo. Hadari ya taso daga gabas, iskar da ke zuwa gabansa ta fara kaɗa ledoji. Kamata ya yi in tsayar a nan. Na ce bari a yi zagaye ɗaya na ƙarshe, na cika kujeru takwas ɗin duka.

Ba ƙara mai ƙarfi aka yi ba. Wani gurnani na ji, irin na ƙofar ƙarfe da ta sauka tana goge ƙasa. Masu juyawa suka ce ya ƙi tafiya. Na duba ƙasa, na ga ɗaya daga ƙafafun yamma ta nutse har wajen idon sawu, ƙasa ta kumburo a gefenta, ta gabas kuma ta ɗaga, turkenta ya fito tsawon yatsa. Lilon gaba ɗaya ya karkata yamma, da'irar ta manne da ƙafa ta cije. 'Yar Injiniya tana kujerar da ke can ƙoli.

Da farko 'yan matan dariya suke yi, sun ɗauka cikin wasan ne. Da iska ta sake bugowa abin ya ƙara sunkuyawa, dariyar ta tsaya. Mata suka fara salati. Maza suka ruga suna ciro waɗanda ke kujerun ƙasa, kowa nasa yake nema. Na san hakan zai bar nauyi duka a sama, an gaya mini, amma ban hana su ba. Kujera biyu suka zama wayam, da'irar ta yi wata fizga kamar za ta kuɓuce, ta sake cijewa. Ina tsaye da lasifika a hannu.

A haka Injiniya ya same mu. Yana dawowa daga Tsaskiya ya hangi lilon a karkace daga kan hanya. Ya yar da babur, ya tuɓe babbar rigarsa ya jefar a ƙasa, ya karɓe lasifikar daga hannuna bai dube ni ba. Ya ce kada wanda ya sake saukowa, kada wanda ya sake taɓa kujera. Ya sa manyan maza huɗu suka zauna a kujerun da aka bari wayam. Ya ce a kawo igiyoyin rijiya, a kawo jak na babbar mota daga tasha, a ɓalle katakan amalanken da ke kusa. Muryarsa ba ta rawa, shi ya sa aka bi shi.

Daga sama yarinyar ta kira shi, sau biyu. Ya ɗaga kai ya ce, "Na gan ki. Riƙe ƙarfen da kyau, ki riƙe wa ƙawarki mayafinta. Kada ki dubi ƙasa." Bai sake ɗaga kai wajenta ba.

Sannan ya juyo ya ce mini, "Oga, kai ka san jonenka. Hau ta gabas ka ɗaura igiya a wuyan ƙafar." Na hau. Ƙarfen yana motsi a ƙarƙashina kamar mai numfashi. Daga can na ga kwanon rufin gidaje da gonaki da baƙin hadari, abin da na ce mutane su zo su gani ke nan. Na ɗaura igiya biyu na jefa ƙasa, mutane kusan ashirin suka kama suka ja gabas suka riƙe.

Ina saukowa wata yarinya da ke kujerar tsakiya ta kasa jurewa. An yi ta ce mata ta zauna, ta dira. Na ji ƙarar faɗuwarta. 'Yar wani manomi ce daga Tsaskiya, ta zo yawon Sallah gidan goggonta. Aka ɗauke ta ƙafarta tana reto.

Injiniya bai tsaya ba. Ya shimfiɗa katako a gefen ƙafar da ta nutse, ya ɗora jak, ya sa aka ɗaga kaɗan kaɗan, ana cusa katako a ƙarƙashi. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Na san dai an fara yayyafi kafin da'irar ta saki ƙafar. Ya ce a juya a hankali: a sauke wannan kujera, a juya rabin zagaye, a sauke mai fuskantarta. Wani ya ce masa ya fara sauke 'yarsa mana. Ya ce ba layinta ba ne. A lissafin da ya bi, kujerarta ce ta ƙarshe, kuma ta ƙarshe ta sauka, ruwa ya riga ya goce.

Da kowa ya taka ƙasa, Injiniya ya je gindin ƙafar gabas ya durƙusa. Ya kama turken da hannu ɗaya ya zare shi, kamar mai cire ciyawa. Ya riƙe shi ya dube ni. Ya ajiye shi a gabana, ya kama hannun 'yarsa suka tafi.

Washegari mai unguwa ya tara mu a zaurensa. Uban yarinyar da ta karye ya zo daga Tsaskiya, ko gaisuwa bai amsa sosai ba. Ya ce shi bai san mai walda ba, sunan malamin makaranta ya ji, kuma da sunan ne ƙanwarsa ta bar 'yar ta hau. Injiniya ya ce gaskiya ne shi ya yi zane, amma ya rubuta a jikinsa kada a ɗora mutum sai an zuba kankare, kuma bai san an kawo lilon garin ba. Mai unguwa ya tambaye ni ina takardar.

Na ce ta ɓace. Na ƙara da cewa ni ba ɗan boko ba ne, ban san abin da ke rubuce a kai ba, abin da aka nuna mini na yi.

Injiniya ya dube ni kamar yadda ya dube ni a gindin lilon. Bai yi gardama ba, don ba shi da shaida. Aka ce in kwashe ƙarafana, in ɗauki nauyin jinyar yarinyar, na amsa da sauri. Mutane suka ce mai walda ya yi ƙoƙari, shi ne ma ya hau ya ɗaura igiya. Na koma Batsari da sunana kusan yadda na zo da shi.

Damina ta wuce ina yanka ƙarafan lilon ina yin amalanke da su. Takardar tana ƙasan akwatina, ƙarƙashin tabarau na walda. Kullum na buɗe sai na ga gefenta. Sau biyu na ɗauko zan sa mata wuta, na mayar. Na je Tsaskiya duba yarinyar, ta fara takawa da sanda, ubanta ya yi mini godiya, ya kuma zagi Injiniya a gabana. Na ce Allah ya kyauta.

Direban nan ne ya kawo mini sauran labarin, cikin raha, bai san abin da yake taɓawa ba. Ya ce kwamitin masallaci sun karɓe ginin Islamiyya daga hannun Injiniya, wai kada bango ya faɗo wa yara. Ya ce ɗalibai suna kiransa Injiniyan lilo, in ya juya baya suna karkata jiki gefe. Ya ce matarsa ta daina zuwa biki, kuma ya nemi a canza masa wurin aiki. Direban yana dariya, na ce masa ina da aiki, ya tashi.

Ranar Alhamis da yamma na sa takardar a aljihu na tafi Safana. Na sami Injiniya a ƙofar gida, gaban ƙofar da na haɗa masa. Ya gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya sa aka kawo mini ruwa. Na miƙa masa takardar na ce ba ta ɓace ba, kuma na iya karanta ta tun ranar da ya rubuta. Na ce ya yafe mini.

Ya buɗe ta ya daɗe yana kallon jan rubutun. Ya ninke ya mayar mini.

"Oga, ni na san abin da na rubuta," in ji shi. "Ba ni ne ban sani ba. Kuma ba a ƙofar gida ka kira sunana ba, a lasifika ka kira."

Na koma gida, washegari na dawo. Na roƙi liman ya ba ni dama bayan an idar da Juma'a. Ya tambayi abin da zan faɗa, na nuna masa takardar, ya ce a ba ni lasifika.

Abin da ya biyo baya kaɗan ne. Shugaban kwamitin masallacin ya je gidan Injiniya da kansa ya roƙe shi ya dawo ya duba ginin, ya dawo ya duba har aka yi rufi. Amma bai janye neman canjin ba, ƙarshen shekara ya kwashe iyalinsa. Mun yi sallama, ya ba ni hannu. A Batsari akwai waɗanda har yanzu ba sa kawo mini aiki, kuma ban ga laifinsu ba.

A ranar Juma'ar nan dai, da aka idar da sallah, na tashi tsaye. Injiniya yana sahu na uku, kansa a ƙasa. Uban yarinyar da ta karye yana can baya. Na ɗaga takardar na ce:

"Jama'a, ni ne mai waldar da ya kawo lilo da Babbar Sallah. Na gaya muku Injiniya ya duba, ƙarya na yi, bai ma san na zo ba. Ga takardar da na ce ta ɓace, ga rubutunsa, ya hana a ɗora mutum sai an zuba kankare. Ni na ƙi, na buga turaku. Ƙafar yarinyar nan a wuyana take, ba a wuyansa ba. Shi ya sauko muku da 'ya'yanku, tasa ta zama ta ƙarshe, ni kuma na bari kuka zage shi wata huɗu. Malam, na ci amanarka, na ɓata maka suna a gaban 'yarka. Ba ni da hujja. Don girman Allah ka yafe mini."